Gidajen Kwanan Karatu na Ɗaliban Kimiyya da Fasaha

Gidan kwanan karatu tsari ne da jami'o'i da dama, musamman a Amurka, suke bi wajen tara ɗaliban da ke karatun fanni ɗaya a gini ɗaya ko hawa ɗaya na bene. A nan za su kwana, su ɗauki wasu darussa tare, kuma a haɗa su da malamai da manyan ɗalibai masu sa ido a kansu. Akwai irin waɗannan gidaje na harsuna da na kasuwanci da na zane-zane, amma an fi ba da ƙarfi ga na kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, domin a waɗannan fannoni ɗalibai da yawa kan sulale tun a shekarar farko.

Asalinsa

Tushen abin yana komawa ga kwalejojin Oxford da Cambridge a Ingila, inda malami da ɗalibi suke ci da kwana a harabar kwaleji ɗaya. A Amurka kuwa, ana yawan fara lissafi daga kwalejin gwaji da masanin falsafa Alexander Meiklejohn ya buɗe a Jami'ar Wisconsin a 1927. Ɗalibansa, maza zalla, sun zauna a ginin Adams, ofisoshin malamansu ma suna ciki. Ba kimiyya ce a gabansu ba, tsohuwar Girka suka nazarta a shekarar farko, kuma a 1932 aka rufe kwalejin. Sai a 1967 Jami'ar Jihar Michigan ta kafa Kwalejin Lyman Briggs domin ɗaliban kimiyya. A ginin Holmes aka haɗa ɗakunan kwana, azuzuwa, ɗakunan gwaje-gwaje, ofisoshin malamai da wurin cin abinci, aka kuma wajabta wa ɗalibai karanta tarihin kimiyya da falsafarta tare da kimiyyar kanta.

Matsalar da ake son magancewa

Wani rahoto da kwamitin masu ba shugaban Amurka shawara kan kimiyya ya fitar a 2012 ya ce ƙasa da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka shiga jami'a da niyyar karatun waɗannan fannoni ne suke kammala digiri a cikinsu. Da yawa ba barin jami'a suke yi ba, sauya kwas suke yi. An daɗe ana ɗauka cewa marasa ƙoƙari ne ke tserewa, sai binciken Elaine Seymour da Nancy Hewitt, wanda aka buga a 1997, ya nuna cewa waɗanda suka bari da waɗanda suka tsaya ba su da wani bambanci a basira. Cikin abubuwan da suka kore su akwai rashin kyakkyawar koyarwa, da azuzuwan farko masu ɗaruruwan mutane, da jin cewa an shirya darussan ne don a tace su a zubar.

Aikin Uri Treisman a Jami'ar California da ke Berkeley ya fi kowane haskaka abin. A tsakiyar shekarun 1970 ya bi diddigin yadda ɗalibai baƙar fata da ɗalibai 'yan asalin China suke karanta darasin kalkulas, wani reshe na lissafi. Duk ɓangarorin biyu suna da himma. Bambancin shi ne, baƙar fatan sukan rufe ƙofa kowa ya yi fama shi kaɗai, su kuwa 'yan Chinan bayan kowa ya yi nasa sai su taru da yamma, su ci abinci, su duba aikin juna, su yi gardama kan amsa. A haka mutum yake gane ko shi ne bai fahimta ba ko kuwa tambayar ce ta gagari kowa. Treisman ya kafa zaman aiki na rukuni, kuma maimakon ya sauƙaƙa musu, sai ya ƙara musu tambayoyi masu tsauri. Sakamakonsu ya tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gidan kwanan karatu ƙoƙari ne na sa wannan haɗuwa ta yamma ta zama al'adar gini gaba ɗaya.

Yadda ake gudanar da shi

Ɗalibi yakan nemi shiga ne lokacin da yake cike takardun masauki. Sau da yawa akan sa mazauna gidan a rukuni ɗaya na darasin lissafi ko kemistiri, don haka wanda ke ɗakin kusa da naka aikin gida ɗaya ke gabanku, ranar miƙa shi ma ɗaya. Akan ware ɗakin nazari mai farin allo a cikin ginin, inda masu taimaka wa ɗalibai suke zama da dare. 'Yan aji biyu da suka zauna a gidan bara sukan dawo a matsayin yayye, kowane a ba shi 'yan sababbin shiga. Su ne ke faɗa wa sabon ɗalibi abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba: yadda ake rubuta wa farfesa wasiƙa a nemi gurbi a ɗakin gwajinsa, da cewa faɗuwa gwajin farko na fizis ba ƙarshen duniya ba ne.

Wasu gidajen an kafa su ne domin mata, ganin ƙarancinsu a injiniyanci da kwamfuta. Ginin Bunting-Cobb na Kwalejin Douglass a Jami'ar Rutgers, wanda aka buɗe a 1989, yana cikin na farko-farko. Jami'ar Virginia Tech ta buɗe Hypatia domin mata masu karatun injiniya a 2001, daga baya ta ƙara Galileo domin maza.

Shirin Meyerhoff

Misalin da aka fi ambata shi ne shirin Meyerhoff na Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore, wanda Freeman Hrabowski ya kafa a 1988 da kuɗin Robert da Jane Meyerhoff. Ya fara da samari baƙar fata 19, aka shigo da mata a 1990, aka buɗe wa kowa a 1996. Kafin a fara zango, sababbin ɗalibai sukan yi makonni shida suna karatu da kwana wuri ɗaya, sannan su ci gaba da zama tare a shekarar farko. Akwai tallafin kuɗi, karatun rukuni da aikin bincike a lokacin hutu. Da aka kwatanta su da waɗanda aka ba gurbi a shirin amma suka zaɓi wasu jami'o'i, sai aka ga 'yan Meyerhoff sun fi su kai wa ga karatun digirin digirgir na kimiyya nesa ba kusa ba. Kizzmekia Corbett, wadda ta yi aiki a kan rigakafin korona na kamfanin Moderna, da Jerome Adams, tsohon babban likitan gwamnatin Amurka, duk daga nan suka fito. Sai dai a kula, gidan kwana ɗaya ne kawai daga cikin kayan aikin shirin.

Abin da bincike ya nuna

Babban binciken ƙasa da Karen Inkelas ta jagoranta a 2004 da 2007 ya gano cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi samun sauƙin sabawa da jami'a, sun fi tattauna karatu da takwarorinsu, kuma sun fi jin cewa su ma 'yan gida ne. A kan maki da kammala digiri kuwa, sakamakon ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Akwai kuma wata tangarɗa: wanda ya nemi zama a gidan injiniyoyi da kansa, mai yiwuwa dama can ya fi sauran zafin nema, don haka ba duk nasararsa za a jingina wa gidan ba.

Ingancin gidajen ma ba ɗaya ba ne. Wasu suna kawai aka liƙa a ƙofar bene, babu malami, babu kasafin kuɗi, babu darasin da ya haɗa mazauna. Wasu kuma sukan ƙara kuɗi a kan na masauki, abin da ke hana ɗan talaka da wanda ke zuwa daga gida shiga. Ana kuma kukan cewa gasa takan yi zafi idan kowa a hawa ɗaya jarrabawa ɗaya yake jira. Gidajen da aka ware wa mata ko masu wani launin fata sun sha fuskantar ƙorafin nuna bambanci a ƙarƙashin dokokin tarayya, kuma bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jami'o'i da dama sun sake rubuta sharuɗɗan irin waɗannan shirye-shirye suka buɗe su ga kowane ɗalibi.