Waiwaye: Yadda aka fara yi wa bututun bindiga shafin ƙarfe

Ba gogar harsashi kaɗai ke cinye bututun bindiga ba, wuta ta fi yi masa ɓarna. Duk harbi ɗaya, tururin albarushi mai zafin da ya wuce na narka ƙarfe yana lasar cikinsa cikin ƙiftawar ido, musamman a maƙogwaro, inda harsashi ke fara kama tsagin da ke murɗa shi. Da wurin nan ya zaizaye, saiti ya tafi, alhali sauran bututun lafiya lau. To don me za a jefar da duka?

A shekarun 1860 wani hafsan sojan Birtaniya, William Palliser, ya fito da dabarar rarake tsofaffin igwa na zubi, a zura musu sabon bututu mai tsagi, tamkar shafi a cikin riga. Igwar da aka fidda rai da ita ta koma aiki.

Abin da ya fi nuna min girman matsalar shi ne igwar da Jamus ta riƙa harbin birnin Paris da ita a 1918, daga nisan kusan kilomita 120. Saboda saurin cinyewar cikinta, sai da aka sa wa harsasanta lamba, kowanne ya ɗara na gabansa kauri kaɗan, kuma dole a bi su a jere. Bayan harbi kamar 65, sai a mayar da bututun zuwa kamfanin Krupp da ya ƙera igwar.

A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta juya ga Stellite, haɗin ƙarafan kobalt da kuromiyam da Ba'amurke Elwood Haynes ya yi wa rajista a 1907, wanda zafi ba ya saurin tausasa shi. Guntu kawai ake sawa ta wajen maƙogwaron babbar bindiga mai sarrafa kanta, Browning M2, daga baya wata irinta mai suna M60 ma ta gaje shi.

Shafen kuromiyam ya fi araha, shi ya sa ya game duniya. Rashinsa na cikin abin da ya sa bindigar M16 ta riƙa cijewa a hannun sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam. Sai dai ruwan da ake wannan shafe da shi yana jawo ciwon daji, kuma ma'aikacin da ke tsaye a bakin kwatarniyar shi ke shaƙar tururinsa. Wannan ya sa yanzu ake gwada wani ƙarfe mai suna tantalum a madadinsa.