Dokar da ta hana gina gida a kan tsagar ƙasa a Kalifoniya

A wasu yankunan jihar Kalifoniya ta Amurka, hukuma ba ta ba da izinin gini sai mai fili ya kawo masani ya tabbatar babu tsagar ƙasa mai motsi a inda za a sa harsashi. Dokar Alquist-Priolo ke nan, wadda ta ɗauki sunan 'yan majalisar jihar biyu da suka gabatar da ita. An kafa ta a 1972, bayan girgizar ƙasar San Fernando ta Fabrairun 1971, lokacin da ƙasa ta dare har sama ta lalata gidajen da ke kanta.

Tsaga ita ce layin da manyan duwatsun ƙarƙashin ƙasa ke gogar juna. Dokar ta ɗora wa babban masanin ƙasa na jihar aikin zana taswirar waɗannan layuka, tare da keɓe yanki mai faɗin kusan mita 400 a kewayensu. Tsagar da ake ɗauka tana da rai, wato mai motsi, ita ce wadda ta motsa cikin shekaru kimanin 11,000 da suka wuce. A wurin ɗan Adam zamani ne mai nisa, a wurin dutse kuwa jiya-jiya ne.

To, ta yaya ake gane haka? Ana haƙa dogon rami a gicciye, a duba yadda ƙasa ta kwanta hawa-hawa. Inda hawa ɗaya ya karye ya zame daga ɗan'uwansa, nan tsagar ta bi. Sai a ɗebi guntun gawayi ko ruɓaɓɓen itace daga wurin a auna shekarunsa a ɗakin gwaji, a san lokacin da motsin ya faru. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma mai gini ne ke biya.

In an samu tsagar, ba a gina wurin zaman mutane a kanta, kuma yawanci sai an ja baya da kusan mita 15. Mai sayar da gida a cikin yankin dole ya sanar da mai saye. Amma an ɗage wa wasu gidaje sharaɗin binciken da hanin ginin: gidan iyali ɗaya na katako ko ƙarfe, wanda bai wuce hawa biyu ba, in dai ba cikin rukunin gidaje huɗu ko fiye yake ba.

Abin da mutane suka fi kuskuren fahimta shi ne iyakar dokar. Darewar ƙasa a ƙarƙashin gini kawai take magancewa, ba ruwanta da jijjiga, alhali jijjigar ce ta fi rushe gine-gine, kuma tana kaiwa kilomita masu yawa. Girgizar Northridge ta 1994 ta taso ne daga wata tsaga da ke ɓoye can ƙasa, wadda ba ta ɓullo sama ba. Batun zaftarewar tudu da ƙasa mai ruwa da ke saki idan an girgiza ta, sai a 1990 jihar ta yi masa wata doka daban.