Dokar Hana Tsangwamar Masu Ƙanjamau: Har Masallaci Da Coci Ta Shafa

A unguwarmu a Bauchi akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai. Mijinta ya rasu bayan doguwar jinya, aka fara raɗe-raɗin cewa ƙanjamau ce ta kashe shi. Cikin sati biyu layin yaran da ke tsayawa da kwano a gaban kaskonta ya watse, sai ita da ƙullunta. Ba wanda ya zage ta, gudunta kawai aka yi. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa nake son mu san dokar da aka yi domin irinta.

Tun 1986 aka ba da rahoton ɓullar cutar a Najeriya, amma shekaru aka yi ana kiranta kabari-kusa, wasu masu wa'azi ma suna cewa azabar mazinata ce, an manta da jaririn da aka haifa da ita da wanda aka yi wa ƙarin jini. Masu ɗauke da cutar ne da kansu suka tashi, suka kafa ƙungiyar NEPWHAN a 1998, suka yi ta matsa wa majalisa lamba har aka samu dokar hana wariya ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu.

Dokar ta haramta a kori mutum daga aiki, ko a hana ɗansa makaranta, ko a ƙi duba shi a asibiti, don yana ɗauke da HIV ko don ana zargin haka. Mai ɗaukar ma'aikata ba shi da ikon sa gwajin ya zama sharaɗin samun aiki. Wuraren ibada ma suna ciki: ba a hana shi sahu, ba a hana shi kujerar coci. Mutumin da aka kama da laifi yana iya fuskantar tarar aƙalla naira 500,000 ko ɗaurin aƙalla shekara 1, ko duka biyun.

Inda aka fi ruɗewa shi ne aure. A yau da wuya a je ɗaurin aure ba a tambayi takardar gwaji ba, kuma ni ina yaba wa limamai da fastocin da suka tsaya a kan wannan. Sai dai sakamakon gwaji sirri ne. Ma'aikacin asibiti ko wani da takardar ta biyo ta hannunsa ba shi da hurumin bayyana ta ba da yardar mai ita ba, balle a karanta ta a zaure gaban waliyyai da 'yan cin goro. Miji ko mata da ke cikin haɗarin kamuwa kuwa suna da haƙƙin sani. Dokar kuma ba ta hana mai cutar aure ba, muddin wanda zai aura ya sani ya kuma amince. A nan Bauchi ma hukumar BACATMA, mai yaƙi da ƙanjamau a jihar, ta taɓa haɗa aure tsakanin masu ɗauke da cutar, aka yi biki kamar na kowa.

Wanda aka zalunta ya adana takardar kora ko saƙon waya, ya nemi shaida, ya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko kotu. Mai ƙosan unguwarmu ba ta kai ƙarar kowa ba. Liman ne ya aiki ɗansa da kwano wata safiyar Juma'a, kowa yana kallo.