Zuwa Delhi yawo da sayayya: amsoshin tambayoyin da aka fi yi min

Tunda na dawo daga Indiya mutane ke ta tambayata, wasu yawon buɗe ido za su je, wasu rakiyar mara lafiya ce amma suna so su ɗan zaga kasuwa kafin su dawo, shi ne na ce bari in haɗa amsoshin wuri ɗaya. Delhi na sani, ita zan yi magana a kai.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Daga Oktoba zuwa Maris. Kar ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko Maiduguri zafi ba ya ba ka tsoro, zafin Delhi a Mayu da Yuni yana haura digiri 40 kuma ga cunkoso ga hayaƙin motoci, ba za ka iya zagaya kasuwa ba wallahi. Yuli zuwa Satumba damina ce. Sai dai watan Nuwamba iskar garin tana ɓaci sosai, hayaƙi ne yake rufe sama, mai asma ya kiyaye. Disamba da Janairu kuma sanyi ne na gaske da hazo da ke sa jirage jinkiri, ka tafi da rigar sanyi mai kauri. Ni Fabrairu na fi so.

Banda fasfo da biza me zan riƙe?

Katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. In daga Najeriya ko Nijar ko Gana ka taso za su nema, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin ta fara aiki, in babu suna iya killace ka har kwana 6. Sannan kar ka saka sigarin lantarki a jaka, tun 2019 aka haramta shi can. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi, ka lissafa kafin ka kira gida.

In na sauka filin jirgi yaya zan shiga gari?

Filin jirgin Indira Gandhi za ka sauka. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da suke cewa metro, layin filin jirgi yana kai ka tashar New Delhi cikin kamar minti 20, in kayanka ba su da yawa shi ya fi. In da kaya kira Uber ko Ola, ko ka biya tasi a kanta tun daga ciki a ba ka rasit. Abin da ba za ka yi ba shi ne bin wanda ya tare ka da fara'a yana cewa zo in kai ka. Tsohon salon damfararsu kenan, kuna cikin tafiya direba zai ce maka ai otal ɗin da ka kama an rufe shi, ko hanyar a toshe take saboda biki, sai ya kai ka wani ofis mai allon yawon buɗe ido a ce na gwamnati ne, nan za a sayar maka da ɗaki da tafiya Kashmir kan kuɗi ninki uku. Ka kira otal ɗinka da wayarka, ba da tasa ba. Wannan ita ce dokar Delhi gaba ɗaya a wurina, wanda ya zo ya same ka akwai kamasho a bayansa, wanda kai ka je ka samu a shagonsa shi ne ɗan kasuwa.

A cikin gari kuma metro ta fi komai, tun 2002 take aiki, ga sanyi ga arha, kuma tarago na farko na mata ne zalla, namiji ya shiga tara za a ci shi. Adaidaita sahu kuwa gida ka zo, ai daga can ake kawo mana su, su oto suke ce mata. A yi ciniki kafin a hau.

Ina ne kasuwar da ya kamata in fara zuwa?

Chandni Chowk, a tsohon gari. Tun zamanin sarki Shah Jahan take, wanda ya gina Taj Mahal, kuma tsarinta irin na Kurmi ne, kowane lungu da sana'arsa. Kinari Bazaar lungun kayan kwalliyar amare ne, zare mai ƙyalli da duwatsu da bakin mayafi, telolin mata in suka shiga nan sai an janyo su. Dariba Kalan azurfa da turaren mai, wanda suke cewa attar, yawanci daga garin Kannauj ake kawo shi. Khari Baoli kuma kayan ƙamshi ne buhu buhu, citta, kanumfari, girfa, kurkum, barkono, tun kafin ka ƙarasa za ka fara atishawa, masu dako na turo kura suna ihu a ba su hanya, ga birai a saman wayoyin lantarki, gaskiya ranar farko kaina sai da ya yi ciwo. Daga nan da ƙafa za ka je Jama Masjid, babban masallacin da aka gama a 1656, ka yi sallah ka huta.

Kayan sawa masu arha Sarojini Nagar da Lajpat Nagar, waya da kayanta Gaffar Market a Karol Bagh, kwamfuta Nehru Place. Amma kula da rana, kar ka yi asarar kuɗin mota: Chandni Chowk yawancin shaguna Lahadi suke rufewa, su Sarojini da Lajpat da Karol Bagh kuma Litinin.

Ana taya kaya kamar a Kwari?

Sosai ma, kuma ganin baƙar fata da baƙon harshe farashi yake tashi nan take. A kasuwar titi in mai kaya ya ce rufi 1,000, kuɗinsu kenan, ka fara daga 400 ba kunya, in ya ƙi ka juya ka tafi a hankali, sau da yawa zai kira ka. Kalma uku sun ishe ka: ka ce masa bhaiya wato ɗan'uwa, kitne ka wato nawa ne, kam karo wato rage. Sannan ka je da safe ana buɗewa, suna da abin da suke kira bohni, cinikin farko na rana, ba sa son ya kuɓuce musu dan suna ganin shi ke buɗe kasuwa, nan ake samun sauƙi.

Abu ɗaya da mutanenmu ke ruɗewa a kai, su da mita suke auna yadi, kuma mita ta ɗan fi yadinmu tsawo, toh ka yi lissafinka tun kafin a sa almakashi. Kayan da ke cikin kwali ko leda kuwa akwai farashi a jiki da aka rubuta MRP, doka ta hana a sayar sama da shi, ko ruwan roba ne ka juya ka duba. In kai ba mai son ja-in-ja ba ne je Central Cottage Industries Emporium a titin Janpath, na gwamnati ne farashi ɗaya, ko ba ka saya ba ka ga yadda na ainihi yake da kuɗinsa kafin ka shiga kasuwa. Musamman mayafin pashmina na lallausan gashin akuya, wanda ake tallarsa a titi da arha roba ce kawai.

Kuɗi fa, dala zan riƙe ko kati?

Duka biyun. Ka canza dala zuwa rufi a wurin canji mai lasisi ka karɓi rasit, a filin jirgi ɗan kaɗan kawai dan farashinsu ba daɗi. Su can komai da waya suke biya har mai shayi, amma baƙo tsabar kuɗi ce rufin asirinsa, ka tara 'yan 100 da 50 dan kullum ba su da canji. Kar ka karɓi takardar 2,000, tun 2023 aka janye ta, kuma yagaggiyar takarda ma ka mayar.

Abincin halal ba zai yi wahala ba?

Ko kaɗan. Unguwar Jama Masjid da Nizamuddin duk Musulmi ne, akwai gidan abincin Karim's da ke nan tun 1913. A wasu wuraren dai ka tambaya, dan akwai yankan da ba na Musulunci ba da suke kira jhatka. Naman shanu ba za ka samu ba, na ɓauna ake sayarwa, in ka ga mutton kuma akuya ce yawanci. A jikin kwali koren ɗigo na nufin ba nama a ciki. Ruwan famfo da ƙanƙara da yankakken kayan marmari na titi ka haƙura da su, shayi mai zafi a ɗan kofin ƙasa kuwa sha abinka.

Zan iya zuwa Taj Mahal in dawo rana ɗaya?

Eh. A Agra yake, jirgin Gatimaan daga tashar Hazrat Nizamuddin bai kai awa biyu ba. Ka sayi tikiti da wuri, kuma banda Juma'a, ranar a rufe yake ga masu yawo.

Akwai abin da za a hana ni fita da shi?

Kayan tarihi da suka haura shekara 100, hauren giwa, da mayafin shahtoosh na gashin wata barewar Tibet, duk laifi ne. Sai magani, dan na san halinmu, kowa zai ba ka saƙo. Ka sayi wanda likita ya rubuta ka riƙe takardar da rasit, kuma duk wanda ya ce ka riƙo masa kwali a rufe zuwa Kano ko Abuja ka buɗe a gabansa, in ya ƙi ka bar masa abinsa. Kafin ka fita otal kuma ka auna jakunkunan nan, atamfa ba ta kai yadin Indiya mai duwatsu nauyi ba, ni sai da na zube kayan ƙamshi kilo uku a wurin auna kaya a filin jirgi.