Labaran Ban Tsoro Kan La'anar Kaburburan Fir'aunoni da Yadda Masu Karatu Suka Karɓe Su

Labaran la'anar kabari wani reshe ne na gajerun labaran ban tsoro da ya bunƙasa a Ingila da Amurka tun daga tsakiyar ƙarni na 19. A cikinsu, wani baƙo, galibi Bature mai tonon kayan tarihi ko mai tara su, yakan keta alfarmar kabarin wani mutumin tsohuwar Masar, sannan masifa ta bi shi har gida. Salon ya shahara har ta kai mutane da yawa suna ɗauka cewa Misirawan dā ne suka bar wannan gargaɗi a rubuce, alhali mafi yawan abin da ake kira la'anar fir'aunoni marubuta da 'yan jarida da masu karatunsu ne suka gina shi tare.

Asalin salon

Bayan mamayar da Napoleon na Faransa ya kai Masar a 1798, da kuma nasarar da masanin Faransa Champollion ya samu wajen warware rubutun Misirawan dā a 1822, sha'awar kayan Masar ta mamaye Turai. A shekarun 1830 wani likita a Landan mai suna Thomas Pettigrew ya riƙa warware likkafanin busassun gawarwaki a gaban jama'a, mutane suna biyan kuɗi su kalla. Masu karatun labaran farko sun fito ne daga irin waɗannan 'yan kallo, waɗanda suka san cewa abin da ke ba su nishaɗi gawar wani ce da aka tono daga makwancinta.

Wannan rashin natsuwa ya bayyana a labaran shekarun 1860, waɗanda mata na cikin marubutansu na farko. A 1869 Louisa May Alcott, Ba'amurkiyar da aka fi sani da littattafan matasa, ta buga labarin wasu maza biyu da suka ɓata a cikin dala, wato ɗaya daga cikin manyan gine-ginen kaburburan fir'aunoni, suka ƙona gawar wata matsafiya domin a hango hasken a cece su, ɗayansu kuma ya ɗauko ƙwayoyin iri daga akwatin zinariya da aka binne ta da shi. Irin ya tsiro ya yi fure mai kyau, amma furen ya kashe abokin tafiyarsa, ya kuma mayar da amaryarsa rayayya kamar matacciya. Labarin bai yi tasiri mai yawa a lokacinsa ba, ya ɓace a cikin tsoffin mujallu har sai da masanin tarihin Masar Dominic Montserrat ya sake fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. Masu nazari irin su Jasmine Day sun lura cewa a waɗannan labarai na farko gawar kusan kullum mace ce, kuma mai karatu yakan ji cewa wanda ya tone ta ya cancanci abin da ya same shi.

Marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ne ya sauya alƙiblar a 1892, da labarin wani ɗalibin Jami'ar Oxford da ya sayi busasshiyar gawa a wurin gwanjo, ya koyi tayar da ita, yana aika ta da dare ta far wa waɗanda yake jin haushinsu. Ingila ta riga ta mamaye Masar tun 1882, kuma labarin ya kawo abin tsoron daga hamada zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, inda mai karatu ba ya tsammaninsa. An ruwaito cewa marubuci Rudyard Kipling ya ce labarin ya sa shi mummunan mafarki karo na farko cikin shekaru, daga baya kuma H. P. Lovecraft, marubucin labaran ban tsoro na Amurka, ya yaba masa a rubutunsa kan adabin ban tsoro. Akwai kuma iyakar abin da kasuwa za ta ɗauka a lokacin: littafin Bram Stoker na 1903 kan wata sarauniyar Masar ya ƙare ne da mutuwar kusan duk jaruman, amma a bugun 1912 an sauya ƙarshen ya koma ɗaurin aure.

Kabarin Tutankhamun

A ranar 4 ga Nuwamban 1922 ma'aikatan Howard Carter, mai tonon kayan tarihi ɗan Ingila, suka gano matakalar kabarin fir'auna Tutankhamun a Kwarin Sarakuna, kusa da Luksor. Wanda ya ɗauki nauyin aikin, Lord Carnarvon, ya mutu a Alƙahira ranar 5 ga Afrilun 1923, bayan cizon sauro a kuncinsa ya rikiɗe ya zama ciwo da ya shiga jini, ya haɗu da ciwon huhu. Mutum ne da ya daɗe ba shi da cikakkiyar lafiya tun wani haɗarin mota da ya yi shekaru kafin nan, amma jama'ar da ta shafe sama da shekara hamsin tana karanta labaran la'ana ta riga ta san yadda za ta fassara mutuwar.

Jaridu sun taimaka ƙwarai, kuma suna da dalilinsu. Carnarvon ya sayar wa jaridar The Times ta Landan haƙƙin labaran kabarin ita kaɗai, abin da ya bar sauran wakilan jaridu, har da na Masar, a bakin ƙofa ba su da abin aikawa gida. Wanda aka hana labarin gaskiya yakan nemi wani, kuma la'ana ba ta buƙatar izinin kowa. Marubuciya Marie Corelli ta rubuta wa jaridu gargaɗi kan azabar da ke jiran mai keta kabari tun Carnarvon yana kwance, Conan Doyle kuma, wanda a lokacin ya duƙufa ga akidar magana da ruhohin matattu, ya gaya wa 'yan jarida cewa mai yiwuwa wasu ruhohi masu gadin kabarin ne suka kashe shi. Ke nan marubutan da suka saba sayar da wannan tsoro a matsayin ƙage sun dawo suna ba da shi a matsayin bayani. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa wasu masu kayan Masar a gidajensu sun riƙa aika su Gidan Tarihi na Birtaniya don su rabu da su. Wannan gidan tarihi dama yana fama da jita-jitar wani murfin akwatin gawa da aka ba shi a 1889, wanda aka ɗora wa alhakin mace-mace iri-iri har da nutsewar jirgin Titanic a 1912, duk da cewa murfin bai taɓa shiga jirgin ba.

Babu rubutun la'ana da aka samu a kabarin Tutankhamun. Rubutun barazana na gaske suna nan, amma galibi a kaburburan manyan ma'aikata ne, kamar na Khentika a Sakkara, inda ake gargaɗin wanda zai shiga ba da tsarki ba cewa mai kabarin zai kai shi ƙara gaban ubangijinsu ko ya maƙure shi kamar tsuntsu. Carter ya rayu har 1939, 'yar Carnarvon da ta shiga kabarin tare da su ta kai 1980, kuma wani bincike da Mark Nelson ya buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2002 bai sami wata alaƙa tsakanin shiga kabarin da gajartar rayuwa ba.

Masu gaskatawa da masu shakka

Daga 1923 masu karatu suka rabu, marubuta kuma suka bi kowane ɓangare da hajarsu. A wannan shekarar Agatha Christie ta buga gajeren labarin da mace-macen wurin tono suka zama aikin wani mai kisa da ya fake da la'ana, wanda ya dace da masu son a ba su tsoro sannan a warware musu shi da hankali. A ɗaya ɓangaren, mujallar Weird Tales ta Amurka, wadda aka kafa a 1923 kuma take buga wasiƙun masu karatu kan labaran da suka fi so, ta fitar da wani labari a 1924 da sunan Harry Houdini, mai wasan kuɓuta daga sarƙa, kamar shi ne yake ba da labarin yadda aka ɗaure shi aka zura shi cikin rami a Giza. Lovecraft ne ya rubuta shi, kuma mujallar ba ta bayyana haka ba sai a 1939.

Fim ɗin kamfanin Universal na 1932, wanda Boris Karloff ya fito a matsayin gawar, ya ƙwace salon daga hannun mujallu. Tun daga lokacin mai karanta gajeren labari yakan zo da hoton a kansa, ya san hatimin da za a karya da gargaɗin da za a yi watsi da shi, don haka abin da yake aunawa shi ne ko marubucin ya iya ba shi mamaki a hanyar da ya riga ya haddace. Wannan ne babban raunin salon a yau, domin gawa mai tafiyar hawainiya cikin tsumma ta fi kusa da ban dariya.

A Masar

Misirawa sun karanta labarin ta wata fuska. A wani gajeren labari na Najib Mahfuz na 1939, gawar wani tsohon kwamandan soja ta farka ne don ta tsawata wa wani basarake mai asalin ƙetare da ya wulaƙanta manomi talaka, wanda gawar ta ɗauke shi jikanta. A nan mai karatu yana bayan gawar, kuma la'anar ta zama maganar ƙasa da 'yanci. Daga 1993 Ahmed Khaled Tawfik ya samar wa matasan Masar jerin ƙananan littattafan ban tsoro masu araha, da wani tsohon likita mai yawan shakka a matsayin jarumi, la'anar fir'auna na cikin jigoginsu.

Martanin jama'a na baya-bayan nan ya fi karkata ga raha, ko da yake tsoron bai gushe gaba ɗaya ba. Da aka gano wani baƙin akwatin gawa na dutse a Iskandariya a Yulin 2018, wasu sun roƙi kada a buɗe shi, da aka buɗe aka tarar da ƙasusuwan mutum uku cikin jan ruwan kwata sai dubban mutane suka sa hannu a wata takardar neman a bar su su sha ruwan. A Maris ɗin 2021, ana shirin kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa sabon gidan tarihi a Fustat, jirgin ruwan Ever Given ya toshe mashigin Suwez, jiragen ƙasa suka yi karo a Sohag, wani bene kuma ya rushe a Alƙahira, sai maganar la'ana ta sake tashi har masanin kayan tarihi Zahi Hawass ya fito ya ƙaryata ta. An yi jerin gwanon kwashe gawarwakin ranar 3 ga Afrilu kamar yadda aka tsara.