Waiwaye: kurtu a dajin Biyafara

Daga Maraɗi zuwa Katsina ba a kai kilomita 100 ba, shi ya sa yaƙin basasar Najeriya bai taɓa zama labarin nesa a nan ba. Dattawanmu sun bi shi ta Rediyon Kaduna, kuma Shugaba Diori Hamani na Nijar ya tsaya bayan Gowon, shugaban Najeriya, a lokacin da Faransa ta karkata wajen Ojukwu, jagoran yankin Biyafara da ya ɓalle. Sai dai in an zauna hira, sunayen manyan kwamandojin tarayya ake ji: Murtala, Shuwa, Adekunle. Kurtun da ya kwana cikin rami ba a cika tuna shi ba.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, sojan Najeriya wajen 10,000 ne. Kafin a gama a Janairun 1970 sun doshi 250,000. To, ina aka samo su? Manoma, leburori, ƴan mazan jiya da aka sake kira, da samarin da aka yi wa horon makonni kaɗan aka miƙa musu bindiga.

Yaron da ya tashi a fili irin namu, inda ake hango mutum tun daga nesa, sai ga shi cikin kurmi da damina mai tsawo. Rami ya cika da ruwa, takalmi ba ya bushewa, ƙafa ta ruɓe, sauro da zazzaɓi sun samu wurin zama. Wanda ya saba da fura da tuwon hatsi ya koma jiƙa garin rogo, shi ma in mota ta iso.

Kuskuren manya kuwa a jikinsa yake ƙarewa. A Oktoban 1967 aka tura dakarun tarayya su haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha a jiragen ruwa, bayan an karya gada. Ba sau ɗaya ba, kuma da yawa ruwa ya ci. (A Asabar nan ne dai sojan tarayya suka yi wa farar hula kisan gilla, wahalar kurtu ba ta wanke wannan.) A Abagana, ƙarshen Maris 1968, kwanton ɓauna ya ƙone jerin motoci har da tankokin mai. A Owerri ƴan Biyafara sun yi wa birged ta 16 ta sojan tarayya ƙawanya wata da watanni, abinci da harsashi sai dai a jefo daga jirgin sama, wani kason ya faɗa hannun abokan gaba. Sai a Afrilun 1969 suka samu suka fice, ɗauke da masu rauninsu.