Mota mai turbo ba ta zuƙa a silo: tambayoyin da na gaji da amsawa

Mene ne bakyum ɗin?

Zuƙar da fistin ke yi idan totur yana rufe. Shi ke nan.

Turbo ɗina ne ya mutu?

A'a. A silo turbo kusan zaune yake, ba ruwansa. Don Allah ku daina kashe kuɗi a kan turbo na Baljiyam saboda allurar gejin bakyum ta sauka.

Nawa ya kamata geji ya nuna?

Inci 17 zuwa 22 a ma'aunin inHg na gejin bakyum, inji ya yi zafi, AC a kashe. Kowane hawan mita 300 sama da teku yana cin kusan inci 1, don haka mutumin Jos da ya ga 15 ya kwantar da hankalinsa.

Tawa dizal ce fa?

Famfo ne ke ba ta bakyum. Wannan bayanin ba naka ba ne.

To ta ina zan fara nema?

Nan ne aikin yake. Fara da kallon allura. Idan ta sauka ta tsaya cak, galibi iska ce ke shiga ta bayan totur: tiyon da rana ta busar, gaskit ɗin manifol (bututun da ke raba wa silinda iska), tiyon bakyum na birki, ko bawul ɗin EGR (mai mayar da hayaƙin salansa cikin inji) da ya maƙale a buɗe. Galibi na ce, domin taimin da ya tsallake haƙori ɗaya ma haka yake nunawa, ring ɗin fistin da suka cinye ma haka. Idan kuwa allurar na tsalle tana dawowa, zargi bawul ɗin silinda ko fulogi. A Volkswagen da Audi masu injin 2.0 TSI, robar PCV (bawul mai zuƙe tururin baƙin mai daga inji) ce ke yawan yagewa; za ka ji fito, murfin baƙin mai kuma ya ƙi buɗuwa inji na aiki. Kwamfuta na iya nuna lambar P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa, amma ba za ta gaya maka inda ramin yake ba. Gwajin hayaƙi ya fi: a hura hayaƙi cikin manifol a ga inda zai fito. Masu fesa man wanke kafireta su saurari canjin ƙara, wani lokaci suna dacewa, sai dai na ga bonet ya kama da wuta a haka. Idan hayaƙi bai fito ko'ina ba, sai a auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin silinda. Kafin nan kada ka bar kowa ya sauke maka inji.

Tiyon intakula (mai sanyaya iskar turbo) da ya fashe fa?

Yana gaban totur. Ƙarfi zai ci maka a kan titi, bakyum na silo ba zai wani motsa ba.

Zan iya ci gaba da hawa?

Taka birki, domin bakyum ne ke sa shi laushi. Idan ya yi tauri kamar dutse, ajiye motar.